Jerin da na haɗa ya jefa malamata ƙasa

Har yau in na wuce ta gaban allon sanarwar sashenmu sai gabana ya faɗi. A nan aka liƙa jerin malaman kemistiri da na haɗa da hannuna bisa yawan ambaton da maƙalunsu suka samu a rubuce-rubucen wasu masana, a nan kuma sunan Farfesar da ta koyar da ni a aji biyu ya yi kwana huɗu kusa da ƙarshe.

Shugaban sashe ne ya ɗora mini aikin, saboda tsangaya za ta ba da lambar yabo kan bincike. Da murna na karɓa. Na daɗe ina sha'awar irin wannan lissafi, tun jerin masana kemistiri ɗari da Thomson Reuters ta fitar a 2011, wanda aka auna da matsakaicin ambaton kowace maƙala daga 2000 zuwa 2010. Charles Lieber ne a sama, Omar Yaghi na biye da shi, wanda ya zo ya ci kyautar Nobel a 2025. Cikin rumbunan intanet masu ƙirga ambaton maƙalu, na ɗauki Scopus na bar Google Scholar, don shi Google Scholar komai kwasowa yake, har da kundin ɗalibai. Na cire inda mutum ya ambaci kansa. Na ajiye ma'aunin h, mai haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, kusa da matsakaicin ambato, don kada tsofaffin hannu su danne matasa da yawan shekaru kawai. Duk wannan bai ba ni wahala ba.

Suna ne ya kayar da ni. Na rubuta sunan kowa kamar yadda yake a ƙofar ofishinsa, shafin da ya fara fitowa na kwashe alƙaluman. Ban tsaya na tuna yadda muke da sunaye ba. Muhammad ɗaya sai ka gan shi Mohammed a wata mujalla, Muhd a wata. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, daga baya ya cire. Na'ura ba ta san wannan ba: takan raba mutum ɗaya gida uku, takan kuma haɗa mutum biyu a gida ɗaya.

Farfesa gida uku aka raba ta. Ayyukanta na farko kan sinadaran tsirran da masu maganin gargajiya ke amfani da su, waɗanda aka fi ambato, da sunan mahaifinta ta buga su. Bayan aure ta koma sunan maigidanta, sannan wata mujalla ta juya sunayen gaba da baya. Ni kuwa mafi ƙanƙantar shafin na ɗauka, na 'yan shekarun nan.

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta aika a kira ni, na durƙusa na gaishe ta, ta miƙo mini tsofaffin maƙalunta a cikin wani fayil da ya koɗe. Ta ce, "Malam, ofishina da naka taku nawa ne? Da ka leƙo ka tambaye ni." Na ce, "Ranki ya daɗe, a gafarce ni." Bakina bai iya ƙara komai ba. A lokacin ɗalibanta na digiri na uku sun riga sun ɗauki hoton jerin, yana yawo a WhatsApp.

Da na koma na bi kowa maƙala bayan maƙala, sai na tarar da ɗaya ɓarnar: wani matashin malami da na sa a na biyu, an cusa masa ayyukan wani mai irin sunansa daga wata jami'a a Malesiya. Shi ma sai da na je na faɗa masa da bakina cewa zai sauko.

Yanzu duk wanda ya ce in taya shi irin wannan aiki, kafin ya buɗe kwamfuta nake sa shi ya karɓi lambar ORCID ta kowa, wato lambar shaida da ke bambanta mai bincike da masu irin sunansa, da jerin maƙalun da mutum ya rubuta da kansa, da duk sunan da ya taɓa bugawa da shi. Sannan kowa ya ga layinsa ya sa hannu kafin takarda ta kai allo. Nakan kuma ja kunne cewa maƙalar bita ɗaya, mai tattara binciken wasu, tana iya ɗaga mutum sama da wanda ya shekara goma a ɗakin gwaje-gwaje, kuma mai aikin nano, wato binciken abubuwa masu matuƙar ƙanƙanta, ba a auna shi da mai aikin tsirrai a mudu ɗaya. Amma wannan gardama ce ta masana, ana iya zama a yi ta. Tawa ɓarnar tambaya ɗaya ce da ban yi ba.

Mun tura wa Scopus buƙatar haɗe shafukanta, aka haɗe. A sabon jerin ita ce ta biyu. Fayil ɗin nan nata yana kan teburina har yanzu. Na kai mata sau biyu, ta ce in riƙe.