Godiyar kaka ce ko gasar masu kuɗi?

Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai game da yadda muke yin godiyar kaka da lancin, wato taron tara kuɗi, a ikilisiyoyinmu, kuma na san wasu ba za su ji daɗi ba amma gara a faɗa. Da zarar an gama wa'azi sai a miƙa wa mai sanarwa makirfo, ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, wane ya ba da kaza, a tafa masa, a buga ganga, zumuntar mata su rangaɗa guɗa, shi kuma wanda ya kawo tiya biyu ta masara daga gonarsa sai ya lallaɓa ya ajiye a bayan coci kamar ya yi laifi. Yaranmu fa suna zaune suna kallo. Duk abin da malamin makarantar Lahadi ya koya musu da safe, kafin azahar mun rushe shi da hannunmu.

Ni ban ce kuɗi zunubi ba ne. Ibrahim mai arziki ne, Ayuba ma haka, Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya kuma ita ta sauki Bulus a gidanta a Filibi. Rufin coci ma da kuɗi ake yin sa, man janareto ba a saya da amin. Abin da Bulus ya gaya wa Timoti shi ne son kuɗin ne tushen mugunta, Yesu kuma a Matiyu 6:24 ya ce bawa ba ya iya bauta wa iyayengiji biyu, Allah da dukiya. Toh a wannan surar dai, tun farkonta, ya ce in za ka ba da sadaka kada ka busa ƙaho, hannun hagunka ma kada ya san abin da na dama ya yi. Mu kuma har lasifika muka sayo.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne Yakubu sura 2. Mutum ya shigo taro da zoben zinariya da kaya masu tsada an ce masa ga wuri mai kyau zauna, talaka ya shigo an ce tsaya can ko ka zauna a ƙasa. Dan Allah wa zai karanta wannan bai tuna da kujerun gaba na cocinsu ba? Ɗan siyasa ya zo sau ɗaya a shekara, lokacin zaɓe ya ƙarato, a ba shi kujera kusa da fasto a ba shi dama ya yi jawabi, ba wanda zai tambayi daga ina kuɗin suka fito, dattijon da ya shekara talatin yana share majami'a yana can baya.

Kuma ku duba inda abin ya kai mu. Lokacin da MMM, tsarin zuba kuɗin nan na yaudara da ke alkawarin riba mai yawa, ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, 'yan'uwa da yawa kuɗinsu ya maƙale, wasu ma a harabar coci aka ja su ciki bayan sujada, ana ce musu ai ƙofa ce Ubangiji ya buɗe. In kullum shaidar da ake tafa wa ita ce ta sabuwar mota da biza, dole matashi ya ɗauka cewa rashin kuɗinsa alama ce ta Allah ya juya masa baya, shikenan sai ya bi kowace hanya.

Bishara kuwa ba haka ta zo mana ba. Mutum uku ne suka sauka Legas a 1893 da nufin shigowa arewa, Walter Gowans da Thomas Kent suka mutu cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya rage, daga wannan aikin na ƙungiyar mishan ta SIM aka samu ikilisiyar ECWA. Har yau akwai masu bishara a ƙauyuka da ke noma da hannunsu don su ci, ɗan abin da ake aika musu bai kai kuɗin abincin manyan baƙi na lancin ɗaya ba.

Ina roƙon dattawanmu, a godiyar bana a gwada sa akwati ɗaya, kowa ya zo ya saka nasa ba kiran suna, a sanar da jimilla kawai, sannan a ware kason masu bishara da gwauraye kafin a fara maganar tayil da fenti. Na san za a ce kuɗin zai ragu. Toh ya ragu mana, rufin ya jira baɗi.