Makullin da ya daskarar mana da Speedy a mataki na shida

Emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohon injin gem a kwamfuta, idan mai nauyi ne ba ya ɓoye maka halinsa. Kana kunna shi a kwamfutar da ba ta da ƙarfi, sauti zai fara kakkaryewa, hoto ya riƙa jan ƙafa, fanka ta hau kuka. Kafin minti biyar ka san inda aka kwana, ka rufe shi ka huta. Wanda har yau nake jin haushinsa shi ne mara nauyin nan, wanda zai lallaɓa ka har ka yi nisa da wasa, ka saki jiki, sannan ya tsaya cak a inda babu gaba babu baya.

Laftof ɗina tsohuwa ce, 'yar gwanjo, mai firosesa Celeron. Ɗan yayana ya zo mana dogon hutu, na ce bari in nuna masa gem ɗin zamaninmu. Mu a gidan gem muka tashi, ana layi a kan International Superstar Soccer Deluxe na Super Nintendo, kowa yana rububin ɗaukar Najeriya. Shi kuwa ko kallon ƙwallon bai yi ba. Ya bi jerin wasanni ya tsaya a kan Speedy Gonzales: Los Gatos Bandidos na 1995, don kawai ɓeran yana gudu.

Da emuletan bsnes na fara, saboda kowa ya san shi ne ya fi bin injin asali sau da ƙafa. Laftof ta ce ba da ita ba. Sai na koma RetroArch, manhajar da ke tattara emuletoci wuri guda, na ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin zubin emuletan Snes9x masu shekara a jikin sunansu. Akwai na 2002, akwai na 2005, akwai na 2010, duk an ajiye su ne don ƙananan na'urori marasa ƙarfi. Na 2005 na ɗauka. Nan take komai ya daidaita: sauti garau, hoto sumul, batir ma yana kai mu har a dawo da wuta. Muka riƙa yi kullum bayan Isha'i, shi ke riƙe da hannun gem, ni ina karɓa idan wuri ya yi masa tsauri. Duk inda muka tsaya sai in danna ajiyar nan-take ta emuleta, washegari mu ɗora daga nan.

A haka muka kai mataki na 6-1. Akwai wani makulli a wurin da dole sai ka taɓa shi hanya ta buɗe. Yaro ya taɓa, hoto ya sandare. Muka loda ajiya, ya sake taɓawa, ya sake sandarewa a daidai wurin, ba gaba ba baya da ko taku ɗaya. Ya juyo ya ce, “Baffa, kwamfutarka ta yi hangin.” Ni ma abin da na zata ke nan. Na ɗora ta a kan littattafai ta sha iska. Na cire hannun gem na mayar. Na zargi fayil ɗin wasan na canja wani. Wani abokina mai gyaran waya ya duba ya ce, “Malam, ram ne ya yi maka kaɗan.” Saura ƙiris in kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Ashe matsalar sananniya ce a wurin masu harkar, kuma dalilinta ya ba ni mamaki fiye da tsayawar kanta. Kuskure ne a cikin wasan tun daga masu rubuta shi. A daidai wurin makullin, wasan yana zuwa ya karanta wani adireshi na ƙwaƙwalwa da babu komai a cikinsa, ya tsaya yana jiran amsa. A injin gaske, idan aka karanta wurin da babu komai, abin da ya wuce ta layukan bayanai a ƙarshe shi ake samu. To akwai wani aikin kwashe bayanai da injin yake yi a tsakanin layukan hoto, shi ne yake wucewa ya bar wata lamba a kan layin, lambar ta saki wasan ya ci gaba. Masu wasan ba su taɓa ganin kuskurensu ba, domin injin yana rufa musu asiri. Tsohon emuleta kuwa bai damu da wannan ɗan saura da ake bari a kan layi ba, tunda kusan babu wasan da yake buƙatarsa. Sai wasan ya zauna jiran abin da ba zai zo ba har abada.

A nan na gane me ake sayarwa idan aka ce emuleta yana da sauri. Firosesan Super Nintendo iyakar gudunsa megahaz 3.58 ne, wanda ko wayar rakani-kashi ta yanzu za ta raina. Amma ba shi kaɗai ba ne a ciki. Akwai SPC700 na kamfanin Sony mai kula da sauti, da agogonsa daban. Akwai cip biyu masu zana hoto. Wasu kaset ɗin ma da nasu cip suke zuwa: Super FX a Star Fox, DSP-1 a Super Mario Kart da Pilotwings, SA-1 a Super Mario RPG, Cx4 a Mega Man X2. Duk a lokaci guda suke aiki, irin luguden mata a turmi ɗaya, kowace taɓarya da lokacin saukarta. Emuleta mai sauri cewa yake wannan ta yi ɗari ta huta, waccan ta zo ta yi nata ɗarin. Galibi garin da za a samu ɗaya ne, shi ya sa ba ka lura. Mai bin ƙa'ida kuwa sai ya tsaya a kan kowace saukar taɓarya ya tabbatar ta faɗi a lokacinta, sau miliyoyi a daƙiƙa guda. Wannan tsaye-tsayen ne yake cinye ƙarfin kwamfuta. Marubucin bsnes, wanda aka sani da byuu daga baya kuma Near, ya fara aikin a 2004, kuma a 2011 ya yi dogon bayani a kan dalilin da ya sa kwaikwayon wannan ƙaramin inji daidai-wa-daida yake neman firosesa mai kusan gigahaz 3. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka ɓarna ce. Ni ma da a lokacin na gani, haka zan ce.

Sanin dalili bai warware mana komai ba, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Na ari kwamfutar ƙanena mai ƙarfi, na sa bsnes, na kwafo ajiyarmu, na ce yau za mu wuce makullin nan. Ta ƙi buɗewa. Ajiyar nan-take hoton cikin emuleta ce a daidai wannan daƙiƙa, da tsarinsa da yadda ya jera kayansa. Wani emuletan bai san yadda zai karanta ta ba. Kai, wani lokaci ko sabon zubin emuleta ɗaya ba ya karɓar ajiyar tsohonsa. Duk abin da muka tara yana kulle a cikin manhajar da ba za ta iya wuce 6-1 ba. Na ce masa sai dai mu faro daga farko. Ya dube ni ya ce, “Daga farkon farko, Baffa?” Ya ajiye hannun ya koma kan wayar babarsa. Sai da na yi ta lallashi, kuma rabin matakan ni kaɗai na sake bi da dare bayan ya yi barci.

Tsayawa cak ma da sauƙi, don aƙalla ka san an samu matsala. Akwai ɓarnar da ba ta magana. A wasan Air Strike Patrol akwai inuwar jirgi a ƙasa, wadda da ita kake auna inda bam zai sauka. Ana zana ta ne ta hanyar canja saitin hoto a tsakiyar layi. Emuletan da yake zana layi guda a dunƙule ba ya nuna ta ko kaɗan. Sai ka yi ta jefa bam a daji kana cewa wasan ne mai wuya. Haka ƙananan na'urorin hannu masu arha da ake cika su da dubban wasanni: da yawa suna tsallake hotuna a ɓoye don su riƙe gudu, maimakon 60 a daƙiƙa su nuna maka rabi. Idonka zai saba, amma tsallenka zai riƙa kuskurewa, ka ɗora wa tsufa laifi.

Ba na zagin waɗanda suka rubuta masu saurin, ko kusa. Emuletan ZSNES ya fito a 1997, an rubuta yawancinsa da harshen da ya fi kusa da firosesa, kuma ya sa Super Nintendo ya yi gudu a kwamfutocin da ko bidiyo da ƙyar suke kunnawa. Aikin gwanaye ne a zamaninsa. Matsalar ita ce zubinsa na 1.51 tun 2007 yake, amma har yanzu idan ka tambayi wasu shi za su miƙo maka, don shi suka sani tun suna sakandare. A 2015 an nuna cewa ana iya shirya fayil ɗin wasa da zai bi ta cikinsa ya gudanar da umarni a kan kwamfutarka. Wannan kaɗai ya isa a bar shi ya huta. Abin dariya kuma, akwai tsofaffin gyararrun Super Mario World da masoya suka yi suna gwadawa a kansa kaɗai, har suka dogara da kurakuransa, musamman wajen kiɗa. Irin waɗannan idan ka sa su a emuleta mai bin ƙa'ida sai su lalace, kamar yadda za su lalace a injin gaske.

Kada kuma a ɗauka na koma ɗan a-mutun daidaito. Emuleta mai bin ƙa'ida da kwamfutarka ba ta iya kai shi cikakken gudu ya tashi daga mai daidaito, tunda injin asali ba ya kakkarya sauti. Wani abu ma ya ƙara sanyaya mini gwiwa a kan wannan. Na kunna Sonic na farko na Mega Drive, injin gem na kamfanin Sega, na ji kiɗan yana sauri fiye da yadda na san shi, na fara zargin emuleta. Ashe injin da muka taso da shi na Turai ne, tsarin PAL irin na talabijin ɗinmu, mai hoto 50 a daƙiƙa. Fayil ɗin kuwa yana gudu a tsarin Amurka da Japan mai 60. Wanda na riƙe a kaina a matsayin na asali shi ne mai jan jiki da kusan kashi 17 cikin ɗari. Da na mayar da saitin yanki zuwa Turai, sai ga kiɗan yarintata ya dawo. Saboda haka ko daidaiton ma sai ka fara tambayar kanka da wane inji kake son a daidaita.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wani yawa. Tsohuwar laftof ɗin nan, ashe tana ɗaukar Snes9x na yanzu, wanda ba shi da shekara a sunansa, ba tare da ko tari ba. Shi ne tsaka-tsakin da tun farko ya dace da ita, kuma a kansa muka wuce makullin. Na tsallake shi ne don na ga an ce na 2005 ya fi sauri, alhali saurin da ya wuce 60 a daƙiƙa ba shi da wani amfani a wurina. Don haka daga sama nake farowa in riƙa saukowa: mafi bin ƙa'ida tukuna, idan ya kasa riƙe cikakken gudu in sauko mataki ɗaya kacal. Gwajin ma ba da wasa mai sauƙi nake yi ba. Yoshi's Island nake sawa, mai Super FX, ko Super Mario RPG. Idan ya riƙe waɗannan, sauran ba za su gagare shi ba. A Mega Drive ma haka: Genesis Plus GX nake fara gwadawa, sai na'ura ta kasa nake komawa PicoDrive.

Idan ƙarfi ya yi saura, a kan jinkirin hannu nake kashe shi. Tun 2018 RetroArch yake da wani saiti da yake lissafa hoton gaba tun kafin lokacinsa, don ya rage tazarar da ke tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. Yana cin firosesa sosai, domin kowane hoto sai an lissafa shi fiye da sau ɗaya, shi ya sa a ƙaramar kwamfuta ba ya haɗuwa da emuleta mai nauyi. A wasan faɗa ko na tsalle-tsalle na fi son wannan a kan daidaiton da idona ba zai gani ba. A dogon wasa mai labari kuwa, inda za ka zuba makonni, daidaito nake zaɓa ko da fanka za ta yi ta kuka.

Maganar ajiya kuwa ba na wasa da ita kuma. Duk wasan da kaset ɗinsa yake da batirin ajiya, irin su Zelda da Chrono Trigger da Super Metroid, a cikin wasan nake ajiyewa. Wannan shi ne ɗan fayil mai ƙarewa da .srm, kuma yawancin emuletocin Super Nintendo suna karanta na junansu, iyaka ka daidaita suna da wurin da ka ajiye shi. Wanda ba shi da irin wannan ajiya, kafin mu fara sai na rubuta sunansa da sunan emuletan a intanet na duba ko an san shi da wata matsala. Ranar da abokina mai gyaran waya ya ce in sa wa yara “wanda ya fi gudu” a wata tsohuwar waya da ya gyara, na tambaye shi wane wasa za su buga tukuna. Ya ce shi bai san wannan yana da muhimmanci ba, ai duk gem gem ne.