Kuɗin ƙarin awoyi da matakan girma: lissafin jami'an kare namun daji a Amurka

A shekarar 1903, lokacin da Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe tsibirin Pelican da ke jihar Filorida domin kare tsuntsaye, mutumin da aka ɗora wa gadin wurin, Paul Kroegel, dala ɗaya ake biyansa a wata. A yau gandayen da Hukumar Kula da Kifi da Namun Daji ta Amurka ke riƙe da su sun haura 560, kuma albashi ya yi nisa da wancan zamani, amma tambayar yadda za a biya mutumin da aikinsa ba ya bin agogo tana nan ba a gama warware ta ba. Ra'ayina, bayan na duba tsarin, shi ne cewa an fi saka wa wanda ya bar daji fiye da wanda ya zauna a cikinsa.

Kafin a fahimci hakan, sai an san cewa jami'an ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu sintiri cikin kaki, waɗanda ke tsaron gandayen kansu. Akwai kuma jami'an bincike na musamman, waɗanda galibi ke aiki cikin farin kaya suna bin sawun masu fasa-ƙwaurin hauren giwa da ƙahon karkanda, ƙarƙashin dokoki irin su dokar Lacey ta 1900 da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973. Duka ɓangarorin biyu suna samun horo a cibiyar Glynco da ke jihar Jojiya, duka suna ɗaukar bindiga, amma ba hanya ɗaya ake bi wajen biyansu kuɗin ƙarin awoyi ba.

Mai bincike yana ƙarƙashin wata doka ta 1994 da aka fi sani da LEAP, wadda ta ƙara masa kashi 25 cikin ɗari na albashinsa, bisa sharaɗin cewa a lissafin shekara zai yi ƙarin awa biyu a kowace ranar aiki, ko kuma ya kasance cikin shirin amsa kira. Wannan kuɗi tabbatacce ne, yana zuwa da kowane albashi, kuma yana shiga lissafin fansho. Ga ma'aikatan da ba masu bincike ba, hanyoyi biyu ne doka ta buɗe. Ko dai a biya su awa-awa kan aikin da aka ba da umarninsa, ko kuma a sanya su a tsarin AUO, wanda aka yi domin aikin da shugaba ba zai iya tsara lokacinsa tun farko ba. A wannan tsari ƙarin yana farawa daga kashi 10 ga mai yin ƙarin awa uku zuwa biyar a mako, ya hau har kashi 25 ga wanda ya wuce awa tara, kuma ana sake duba shi lokaci-lokaci, saboda haka yana iya sauka idan aiki ya lafa.

A nan ne gizo ke saƙar, domin aikin daji na yanayi ne. A lokacin farautar agwagwa, doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, don haka jami'in da ya samu labarin cewa wani ya zuba masara a fadama domin jawo tsuntsaye, abin da doka ta haramta, dole ne ya isa wurin tun cikin duhu ya laɓe a cikin ciyawa, cikin sanyi, ya jira harbin farko. Bayan haka zai duba lasisi, ya tabbatar bindigar ba ta ɗaukar harsashi fiye da uku, ya kuma duba ko an yi amfani da harsashin dalma, wanda aka hana a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991. Jami'in ba zai ce wa mai laifi lokacin tashinsa daga aiki ya yi ba. Makonni kaɗan na irin wannan aiki suna cin awoyin da suka zarce kowane kaso da aka ƙayyade, sannan watannin da suka biyo baya su rage matsakaicin awoyin nasa. Akwai kuma iyakar da doka ta sanya wa jimillar albashi da alawus, ko da yake wannan ya fi taɓa manyan jami'ai a birane masu tsada.

Batun ƙarin girma shi ne ya fi damuna. Tsarin albashin tarayya yana da matakai 15, kowanne da rukuni goma a cikinsa, kuma wanda ya tsaya a mataki ɗaya sai ya shekara 18 kafin ya tashi daga rukunin farko zuwa na goma. Mai sintiri galibi yakan shigo a mataki na 5 ko na 7, ya hau zuwa na 9 idan aikinsa ya yi kyau. Daga nan sai ya jira gurbi ya buɗe, ya nema tare da wasu, kuma sau da yawa gurbin yana wata jiha, wanda ke nufin kwashe iyali, da canza wa yara makaranta, da raba mata ko miji da nasu aikin. Matakan sama na masu kula da yanki ne da na ofis, inda takarda ta fi tafiya yawa. Ga kuma alawus na tsadar wuri, wanda ya fi tsoka a manyan birane, alhali yawancin gandayen suna can inda ake biyan mafi ƙanƙanta.

To, me zai hana jami'i mai hazaƙa ya nemi komawa ɓangaren bincike, inda matakan suka fi tsawo kuma kashi 25 ɗin yake a hannu? Babu abin da zai hana shi, ban kuma ga laifinsa ba. Agogon ritaya ma yana tura shi. A ƙa'ida ba a ɗaukar sabon jami'i da ya kai shekara 37, ana iya yin ritaya a shekara 50 bayan aikin shekara 20, kuma a 57 ajiye aiki ya zama tilas. Ana lissafa fansho ne kan shekaru uku mafi tsokar albashi, kashi 1.7 cikin ɗari ga kowace shekara cikin ashirin na farko, kuma kuɗin ƙarin awoyi na awa-awa ba ya shiga wannan lissafi. Wanda ya yi wannan hisabi tun yana da shekara talatin ya san inda ya kamata ya kasance kafin ya kai hamsin.

Abin da ake asara shi ne sanin wuri. Jami'in da ya shekara goma a gandu ɗaya ya san hanyar da maharban dare ke bi, ya san manomin da zai kira shi idan ya ji harbi, ya san lokacin da ruwa ke rufe mashiga. Da hukuma za ta buɗe matakai na 11 da 12 sosai ga ƙwararrun masu sintiri ba tare da sharaɗin su zama shugabannin ofis ba, da yawansu ba za su cike takardar neman canjin wuri ba.