Titin da aka hana motoci shiga

Yau na bi ta titin tsakiyar gari da aka hana motoci shiga, ina jin daɗin shirun, ba hon ba hayaƙi, sai na ci karo da wani dattijo yana tura kwalaye a baro, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Kayan lantarki yake sayarwa. Motar da ta kawo masa kaya ta tsaya can bakin shinge, dole shi da yaronsa su yi ta jigila. Na kama masa kwali ɗaya, na ce, "Sannu, Baba." Ya share goshi ya ce, "Yawwa, ɗana. Masu wucewa sun ƙaru kam, amma wa zai sayi firji ya ɗauka a ka?" Maganar ta tsaya min a rai.

Ni dai ina goyon bayan tsarin. A 1962 da aka rufe titin Strøget na Kofanhegan, babban birnin Denmak, 'yan kasuwa sun ji tsoron ciniki zai mutu, ga shi har yau titin cike yake da masu sayayya. Mai tafiya a ƙasa yakan tsaya ya leƙa shago, mai mota kuwa wucewa yake. Sai dai mai sayar da ƙananan kaya ya fi cin moriyar. Da za a ware wa motocin kaya sa'o'i biyu da sassafe, da dattijon nan ya huta. Har na iso gida ina tunanin sawu nawa ya rage masa.