Lambar da ta hana ni barci jiya: 2,147,483,647

Jiya da daddare ina jagwalgwala wani ɗan shiri da nake koyon rubutawa a kwamfuta, lissafi ya kai 2,147,483,647, na ƙara masa 1 kacal, kawai sai ya watso min -2,147,483,648. Kai jama'a! Daga biliyan biyu da ɗoriya sai bashi? Na ɗauka ni na tafka shirme, ashe iyakar ma'ajin ke nan, wato wurin da kwamfuta ke ajiye lamba, gurbi 32 ne da shi, ɗaya na nuna ko lambar ta haura sifili ko tana ƙasa, sauran 31 su ke ɗaukar kayan, in sun cika sai abin ya kife.

To daga nan fa na bi ta da bincike har barci ya gudu.

Ka jera 2 har guda 31 ka yi ta ninkawa, ka cire 1, ita ce. Kuma ba abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin waɗanda malaman lissafi ke ce wa firaim. Masu wannan siffa ta ninkin 2 a cire 1 ana jingina su ga Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa, ita ce firaim ta takwas a layinsu. Kar ka ce duk wadda aka gina haka tana tsira, gwada jera 2 guda 11 ka gani, 2047 za ta fito, ita kuwa 23 sau 89 ce. Abin da ya fi burge ni ma shi ne ita 31 ɗin kanta ’yar gidan ce, 32 a cire 1, wato uwa da ’ya duk jini ɗaya.

Euler, wani shahararren masanin lissafi, shi ne ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, lokacin idanunsa sun riga sun tafi, ba kalkuleta ba komai. Bai tsaya gwada kowace lamba ba, ya san ba sai an wuce 46,340 ba, sannan ya gano duk mai iya raba ta dole in an kasa ta da 248 saura ya zama 1 ko 63, sai aikin ya ragu sosai. Ni da idona biyu da kwamfuta a gaba ko dalilin kifewar ban gane ba sai da na sha wuya, hmm.

In ka ninka ta da 1,073,741,824 kuma sai ka sami cikakkiyar lamba, irin su 6 da 28 da in ka tara masu raba su, ban da su kansu, sai su dawo maka da ita daidai.

Ƙirga ta ɗaya-ɗaya duk daƙiƙa, shekara 68 za ka yi. Tsofaffin na'urori da yawa haka suke ƙirga lokaci tun daga 1 ga Janairu 1970, nasu ma'ajin zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, wadda ba a gyara ba agogonta sai ya koma 1901.