Kyamara guda, hannu goma sha biyu: yadda ake zagaya duniya da kyamarar fim

Masu ɗaukar hoto da fim suna da wata al'ada mai daɗi. Mutum goma ko sha biyu, kowa a ƙasarsa, sai su haɗu a kan kyamara guda. Na farko ya ɗauki nasa, ya sa ta a kwali ya aika wa na biyu ta gidan waya, haka har ta zagayo hannun mai ita. Gilashin da ya ga Tokiyo shi ne zai ga Legas da Lisbon, don haka duk bambancin da aka gani a hotunan na idon mai ɗauka ne da hasken garinsa, ba na tsadar kayan aiki ba. Tsarin kamar adashi yake, dole a samu uwar adashi, wato mutum guda da ke riƙe da jerin sunaye, ya san wanda kyamara ke hannunsa yau da ranar da za ta bar shi.

Kyamarar da za ta yi wannan tafiya ba ta son ƙyale-ƙyale. A nemi wadda ke aiki ko babu batir, kuma wadda in ta ɓata ba za a yi zaman makoki ba. Pentax K1000, da aka ƙera daga 1976 zuwa 1997, ta dace sosai: labulenta, wato abin da ke buɗewa ya bar haske ya kai ga fim, na aiki daga daƙiƙa 1 zuwa 1/1000 na daƙiƙa ba tare da lantarki ba, ƙaramin batirin LR44 na ma'aunin haske ne kawai. Sai dai ma'aunin ba shi da makunni, muddin murfin gilashi na buɗe batir yake ci. Olympus Trip 35 ta fi ta sauƙin ɗauka, ba ta kai rabin kilo ba, kuma ba a sa mata batir sam. Gudun labulenta biyu ne, 1/40 da 1/200, saitin nisan abin da za a ɗauka kuma zango huɗu: mita 1, mita 1.5, mita 3, sai nesa. Kafin a saye ta a juya zoben da ke jikin gilashi zuwa A, inda take saita haske da kanta, a rufe gaban gilashin da tafin hannu a danna. In jar alama ta taso a tagar leƙe ta hana ɗauka, lafiyarta ƙalau. In ta ɗauka a cikin duhun nan, akwai gyara. Ƙananan kyamarorin roba masu naɗe fim da mota kuwa a bar su a gida, don in motar ta tsaya a wata ƙasa da wuya a samu mai gyara, ga dokokin gidan waya a kan batirin litiyam.

Kafin ta fita a duba soson da ke toshe haske a ƙofar baya. Soson tsofaffin kyamarori narkewa yake ya zama baƙin danƙo. A kankare shi da tsinken sakace da auduga mai ɗan sifirit, a manna sabo mai kaurin milimita 1.5 a wajen maƙalar ƙofa, a cusa baƙin zaren ulu a siraran kwararon sama da ƙasa. Sannan a ɗauki fim guda na gwaji a wanke. Jan zane ko ruwan lemo da ya ratsa hoto har ya kai gefen ramukan fim, alama ce haske na shiga ta baya.

Yanzu ga inda aka fi samun saɓani, kuma a nan nake da ra'ayi mai ƙarfi. Wasu suna son fim guda ya zagaya tare da kyamarar: hoto 36, mutum 12, kowa uku. A baki abin da daɗi, amma fim ɗin da ba a wanke ba ba ya jure yawo. Kayan da ke bin jirgi ana iya haska su da na'urar bincike, kuma ɓarnar taruwa take, kowace haskawa na ƙara wa fim hazo a kan na baya. Kamfanin Kodak ya yi gargaɗi cewa sabbin na'urorin haska kaya na filayen jiragen sama, waɗanda ake kira CT, suna lalata fim ɗin da ba a wanke ba, ko da wucewa ɗaya ce. Matafiyi yana iya roƙon a duba fim ɗinsa da hannu, kwalin da aka aika kuwa ba shi da bakin roƙo. Ga zafin ɗakunan ajiya, ga hoton mutum na farko da zai yi kusan shekara a kwance yana dusashewa kafin ya ga ruwan wanki. Mafi muni, jami'in kwastam na da ikon buɗe kwali, kuma in ya ja ƙofar baya don ya ga abin da ke ciki, hotunan da ke kusa sun ƙone, lambar ƙidayar hotuna ta koma farko, na gaba bai san inda aka tsaya ba.

Shi ya sa na fi son kyamara ta yi tafiya babu komai a cikinta. Kowa ya sayi fim ɗinsa a inda yake, ya ɗauka, ya wanke a can, ya tura hotunan ta intanet. A dai yarda da iri guda tun farko, ko Ilford HP5 Plus 400 in baƙi da fari ake so, ko Kodak Gold 200 in mai launi. Da Trip 35 na fi son 200, domin a rana tsaka fim mai ISO 400 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama hasken fim) na buƙatar 1/200 da f/22, wato ƙofar haske mafi ƙanƙanta, kuma nan ne iyakar abin da kyamarar za ta iya, babu sauran sarari. Waɗanda suka nace sai fim guda, to su ɗauki baƙi da fari mai ISO 100, su rage yawan mutane zuwa shida, su naɗe ƙofar baya da baƙin tef, su manna takarda da Turanci da Faransanci cewa akwai fim a ciki kada a buɗe.

Cikin masu karɓa za a samu wanda bai taɓa sa fim ba, kuma kuskuren da ya fi ciwo shi ne a gama ɗaukar 36 alhali fim bai motsa ba. Harshen fim, wato bakinsa na farko, shi ne ke suɓucewa daga tsagar da aka sa shi, lambar ƙidaya kuwa tafiyarta take ko da fim ko babu. Maganinsa: bayan an sa harshen, a ja hannun da ke tura fim gaba sau ɗaya a ga haƙora sun shiga ramuka sama da ƙasa, a rufe, a juya hannun naɗewa a hankali har a ji ya yi tauri, sannan a ɗauki biyu na banza ana kallon hannun naɗewar. In yana juyawa duk sanda aka ja, fim ya kama. A ƙarshen fim, in hannun ja ya cije kada a tilasta shi, yagewa fim zai yi. A danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashi, a naɗe har a ji ya saki, sannan a buɗe. Wannan bayani a rubuta shi a shafin farko na ɗan littafin da ke bin kyamarar, inda kowa zai sa sunansa, garinsa, ranar karɓa da ta aikawa, da duk wata matsala da ya lura da ita komai ƙanƙantarta.

Yanayi ma na da nasa. Kyamarar da aka shigo da ita daga sanyi zuwa ɗaki mai ɗumi raɓa take yi har cikin gilashi, don haka a bar ta a ledarta kamar awa biyu kafin a buɗe. A gari mai laima fumfuna ce abin tsoro, tana yin zare-zare a cikin gilashi, kuma in ta daɗe tabonta ba ya fita. In kuwa ta zo Kano ko Damagaram da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba: a fara hure ta da ƙaramin famfon roba, don goge gilashi mai ƙura da gefen riga karce shi ne. Inda babu wurin wankin fim, baƙi da fari na wankuwa a gida. HP5 a ruwan wankin fim na ID-11 wanda ba a sirka ba minti 7 da rabi ne a kan digiri 20 na Salsiyos, kuma a ƙasa mai zafi sai an sanyaya ruwan da ƙanƙara.

Wajen aikawa, a danna labule ya saki kada ya yi tafiya a ɗane, a rufe murfi, a cire batir. A sa ta a leda mai zif da ƙullin silika mai shanye laima biyu ko uku, sannan abin tausasawa kamar santimita 5 ta kowane gefe. A girgiza kwalin, in an ji motsi a ƙara cusawa. Nauyi kada ya wuce kilo 2, don nan ne iyakar ƙaramin ƙunshi a gidan waya, kuma kada a aika babu lambar bin sawu. A takardar kwastam, CN22 ko CN23, a rubuta tsohuwar kyamara ce, a sa ainihin kuɗinta. A Tarayyar Turai iyakar kuɗin kyautar da ake yafe wa haraji tsakanin mutum da mutum Yuro 45 ce, a Birtaniya fam 39, abin da ya wuce haka mai karɓa na iya biyan haraji. Saboda haka a tara ɗan asusu tun farko don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya, a kuma jera sunaye yanki-yanki, na Turai su gama nasu kafin ta ƙetara Afirka ko Asiya.

Kwana 14 ya ishi kowa. In aka ƙara kimanin mako biyu na hanya, mutum 12 za su ci kusan wata goma sha ɗaya, kuma duk wanda ya riƙe ta wata biyu ya sanyaya wa na baya gwiwa. Kada a aika sai na gaba ya tabbatar da adireshinsa a makon, ya kuma ce yana gari. Mai riƙe da jerin ya ajiye kyamara ta biyu iri ɗaya da aka riga aka gwada, in lambar bin sawu ta yi kwana 45 ba ta motsa ba, ya aika ta ga na gaba tare da sabon littafi.