Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan Auta

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi taro ya tashi lafiya, baƙi kowa ya koma gidansa lafiya, ni kuma sai yau na samu kaina, dan tun ranar Asabar ƙafata bata huta ba. Waɗanda suka kira ban ɗaga ba dan Allah a yi haƙuri, wayar ma bansan hannun wa take ba ranar.

Ga waɗanda basu san me ake ciki ba, Autana ne ya gama firamare aka yaye su, muka ɗan haɗa walima a gida. Na san wani zai ce firamare kawai har da kanofi da kujeru? Eh har da kanofi. Yaron da ya kai aji uku baya iya haɗa ba da ba ya ce baba, yaron da wata makaranta (bazan kama suna ba) ta maido min shi wai yana ja musu aji baya, shi ne ya tsaya gaban iyaye da makirfo a hannu ya karanta shafi guda cur, a hankali yana bin layi da yatsa, in ya yi tuntuɓe ya koma baya ya gyara da kansa ba wanda ya raɗa masa. Babansu da baya nuna komai a fuska sai gani na yi ya cire hula yana ta juya ta a hannu.

Godiya ta farko bayan ta Allah ta Malamarsa ce. Malama, Allah ya biya ki, bakina bazai iya ba. Ita ce mutum ta farko da ta ce min Maman Auta yaron nan fa ba daƙiƙi bane, ki lura in aka karanta masa labari ya fi kowa riƙewa, takardar ce kawai ke basa wuya. Ta yi karatunta a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero, to ta san abin. Ta ce mu fara kai shi asibiti a duba ido da kunne tukuna, aka duba lafiya ƙalau, sannan aka gwada karatunsa aka ce disleksiya ce. Yadda ta min bayani, wahalar tana wajen haɗa sauti da harafi ne a ƙwaƙwalwa, bata da alaƙa da ƙarancin basira, ba lalaci bane, kuma sau da yawa tana bin dangi. Nan fa na tuna wani kawunmu da ya gudu daga boko tun yana ƙarami amma lissafin buhunan hatsi a ka yake yinsa kafin ka gama danna kalkuleta.

Yadda ta koya masa kuwa abin ba tsada ko kaɗan, shi ya sa nake so iyaye su ji. Faranti ne da yashi a ciki, ya zana harafi da yatsa yana faɗin sautinsa da baki, ya share ya sake. Sai marafen kwalbar lemo da ta rubuta haruffa a kai yana jera su yana haɗa gaɓa. b da d sun ci mana rai, ga kuma ɓ da ɗ namu na Hausa da suka zo suka ƙara masa lissafi. Kuma da Hausa ta fara ba Turanci ba, ta ce Hausa yadda ka ji haka zaka rubuta, Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi maka sauti kala kala, a bari ya samu ƙafa tukuna. Bata tsawaita zama, da ta ga ya fara murza ido sai ta ce tashi ka sha ruwa. Bulala kuwa ko sau ɗaya.

Hedimasta mun gode da ka yarda aka riƙa ƙara masa lokaci a jarabawa ana karanta masa tambaya, duk da wasu iyaye sun yi ƙorafin wai gata ne. Ba gata bane wallahi. Akwai ma doka a ƙasar nan da ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020, sai dai dokar tana takarda, makarantu da yawa ko labarinta basu ji ba, in yaro baya ja sai a ce a nema masa wani wuri.

Malamin Islamiyya, Allah ya ƙara daraja. Shi ya gane da kunne yaron yake ɗauka, ya daina tilasta masa tashi ya biya a gaban yara suna dariya, sai ya riƙa biya masa yana maimaitawa, yanzu hadda sai dai mu ce masha Allah.

Hajiyarmu, kakarsa, ke kam sai addu'a. Lokacin da ake ta kawo mana shawarwari, wannan ya ce shafar aljanu ce, wancan ya ce baki ne, wata ta ce a kai shi Tudun Maliki alhali can makarantar kurame ce da makafi shi kuwa yana ji yana gani, Hajiya cewa ta yi a yi addu'a a kuma je asibiti, kuma duk wanda ya ƙara kiran jikanta dolo kar ya sake taka mata tsakar gida. An ɗan yi fushi a dangi amma sunan ya mutu daga ranar. Yayarsa ma na gode, ke kika bar kallo da daddare kina zama da shi kan tabarma.

Sai 'yan uwana iyaye mata na guruf ɗinmu na WhatsApp. Ku kun san abin da ba kowa ya sani ba, kun san yadda ake shiga gidan biki da yaro ana binku da ido. Wata yaronta galahanga aka ce, wata farfaɗiya, wata kuma cutar shawara ce ta kama jaririnta a kwanakin farko ba a kai asibiti da wuri ba ta taɓa ƙwaƙwalwa (dan Allah masu jego, in kin ga idon jariri ko jikinsa ya yi rawaya a tafi asibiti, akwai fitilar da ake saka su a ƙarƙashi, kar a tsaya jiƙe jiƙe). Duk da nauyin da ke kanku kun zo da yaranku, ba a ɓoye kowa a ɗaki ba. 'Yar ƙawata mai lalurar Down (lalura ce da ake haihuwar yaro da ita, tana sa jinkirin girma da koyo), wadda ake tunawa da irinsu duk 21 ga Maris, ita ta raba alawa, kuma sai da ta tabbatar kowa ya samu har mai kanofi. Ni dai ban ga wanda ya kai ta iya karɓar baƙi ba ranar.

Maƙota da suka taya girki, mai adaidaita da yake jiransa in lesin ya ja lokaci bai taɓa cewa a ƙara masa ko sisi ba, waɗanda suka aiko da saƙo da waɗanda suka yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a, ya bar zumunci.

Ban ce an gama ba fa, disleksiya ba zazzaɓi bace da za a sha magani ta tafi, har yanzu karatunsa a hankali ne rubutunsa kuma sai wanda ya saba, ga sakandare na tafe da darussa rututu. Dan haka duk wanda ya san makaranta a cikin Kano da bata duka kuma zata yarda da ƙarin lokaci a jarabawa, ya min magana ta akwatin saƙo. Masu tambayar lambar Malama kuma ku bari na nemi izininta tukuna. Sannan akwai kuloli biyu da wani mayafi ruwan toka da aka manta a gidan, mai su ya aiko yaro ya karɓa.